Wa zai tsaya masa? Tambayar da ke jiran wanda ya fito gidan yari a Sakkwato

Ranar da ɗan maƙwabcinmu ya dawo ina zaune a dakalin ƙofar gida bayan La'asar. Ɗan kabu-kabu ne ya sauke shi, hannunsa riƙe da baƙar leda, ciki riga biyu da ɗan littafin addu'o'i wanda gefensa duk ya naɗe. Shekara ɗaya da wata takwas ya yi a ɗaure kan wayoyi uku da suka ɓace a shagon cajin da yake tsaro, kuma bai taɓa musun shi ya ɗauka ba. Ya rame, ya yi duhu, in ka yi masa magana sai ya sunkuyar da kai ya haɗa hannuwa a baya kamar mai jiran ƙidaya. Mahaifiyarsa ta yanka kaza, mata suka riƙa shiga yi mata barka, mu maza muka ba shi hannu muna cewa Allah ya kiyaye gaba.

Kwana tara bayan nan injin ban-ruwan wani mutum ya ɓace a layinmu. Ba wanda ya ambaci sunan yaron. Amma da ya shigo masallaci sallar Magariba, sai na ga wani dattijo ya tashi daga sahu, ya koma bakin ƙofa ya ɗauko takalmansa ya ajiye a gabansa. Yaron ya gani, ni ma na gani. Daga baya aka gano ƙanen mai injin ne ya kai shi fadama bai faɗa wa kowa ba. Ba wanda ya je ya ba yaron haƙuri, tunda ai ba wanda ya ce masa komai.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari. Ɗaurin da alƙali ya yanke yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, an rubuta a takarda. Wanda unguwa take yankewa ba a rubuta shi ko'ina ba, don haka ba wanda ya san ranar da zai ƙare, ba kuma kotun da za a ɗaukaka ƙara.

A dokance dai an yi nisa. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa hukumar gyaran hali, ta kuma raba aikinta gida biyu: tsare masu laifi, da hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin hidima ga al'umma, ɗaurin talala, da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Dokar ta tanadi takardar shaidar kyawun hali ga fursunan da ya nuna ya gyaru, ta ce kuma wanda aka ba wannan takarda ba za a nuna masa bambanci ba saboda ɗaurin da ya yi. A 2023 aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon kafa nasu gidajen gyaran hali, abin da ya kasance hannun gwamnatin tarayya kaɗai tun 1968 da aka karɓe gidajen yarin En'e. Duk wannan ci gaba ne, ban raina shi ba.

Sai dai a tambayi kowane mai shago a babbar kasuwa ko a Kara, yaushe rabon da ya ɗauki yaro saboda takarda. Garinmu ba da takarda yake tafiya ba. Mai babur yana miƙa wa matashi makulli da safe ya jira balas da dare. Dillalin albasa yana ɗora wa mutum buhu hamsin ya tafi da su kudu ba tare da an sa hannu ko'ina ba. Tela yana barin shaddar mutane a hannun yaransa ya tafi zaman makoki. Mai gidan haya yana ba da ɗaki don wani da ya sani ya ce yaron kirki ne. Jarin talaka a nan sunansa ne, da sunan wanda zai ce "na san shi". Wanda ya shiga gidan yari wannan jarin ne ya karye, kuma ba a koya wa mutum mayar da shi a ɗakin koyon ɗinki ko kafinta na cikin gidan. Haramcin shiga aikin soja ko ɗan sanda ga wanda aka taɓa ɗaurewa yana nan, amma ba shi ne ke hana yawancin yaranmu barci ba. Abin da ke hana su barci shi ne ba wanda zai ba su babur.

Na ga wannan da idona. Yaron ya koyo walda a ciki, har yana nuna mini tabon tartsatsi a bayan hannunsa. Kawunsa ya roƙe ni in raka su wurin wani mai walda da muka daɗe da sani, mutum mai sallah da kunya. Muka same shi yana gyara ƙyauren ƙofa, ya kashe injin, ya ture tabarau sama, ya saurare mu har muka gama. Sai ya nuna tarin ƙarafan da ke jingine a bango ya ce, "Malam, ba ƙi nika yi ba. Amma duba wurin ga. Ƙarhen ga duk na mutane na, ƙohwar ga ta wani Alhaji ta, ya biya rabin kuɗi. In wani abu yaɓ ɓace, wa za ni kamawa? Wa za ya tsaya mai?" Kawun ya dube ni, na dubi ƙasa. Kawun leburan bulo ne, ba shi da abin da zai tsaya da shi. Ni kuwa a wannan lokacin tsoro ne ya kama ni, don ban tabbata ba. Muka yi godiya muka taso, yaron yana bin mu a baya bai ce uffan ba.

Ban ga laifin mai waldan ba, har yau. Mutane sukan ɗauka ƙyamar tsohon fursuna muguntar zuciya ce kawai, a yi wa'azi ta wuce. Akwai muguntar, amma mafi yawanta lissafi ne. A jihar da binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya sa kan gaba a talauci, inda wajen kashi 90 cikin 100 na jama'a ke cikin ƙunci ta fuskoki da dama, asarar injin walda ɗaya tana iya rufe shago har abada. In muka ce wa mai ƙaramar sana'a ya yi imani ya ɗauki tsohon fursuna, muna cewa ne ya ɗauki kasadar da mu duka muka gudu daga gare ta, shi kaɗai, da abincin iyalinsa.

Kuma wa muke nufi in mun ce tsohon fursuna? Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifi ba tukuna. Wani zai yi shekara biyu ana ɗage zama, a ƙarshe a sallame shi don ba shaida, ko Babban Jojin jiha ya sake shi a ziyarar rage cunkoso. Ya dawo unguwa, sunansa ɗaya da wanda aka kama da wuƙa a hannu: ya yi gidan yari. Wasu kuma tara ce ta kai su. A watan Nuwamban 2023 ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa bayan an tara kimanin naira miliyan 585 an biya musu tara da diyya. In ka raba, ba ta kai naira dubu 150 a kan kowane mutum ba. Da iyayensu na da ɗan rago biyu na sayarwa, da yawansu ba su kwana ko ɗaya a ciki ba, da kuma ba wanda zai ɗauke takalmi don sun shigo masallaci. Ɗan mai hali da ɗan talaka sukan yi laifi iri ɗaya, amma ɗaya ne ke fitowa da tambari.

Abin ya fi ciwo in ka ɗaga kai sama. A Afrilun 2022 aka yi wa mutum 159 afuwa, cikinsu har da tsoffin gwamnoni biyu, Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba, waɗanda kotu ta ɗaure kan dukiyar jama'a. Manya in sun fito, da jerin motoci ake tarbarsu. Ashe mun iya yafiya. Muna dai duban aljihun wanda za mu yafe wa.

Akwai kuma wani abu da ya ɓata kalmar tuba a kunnen mutanenmu, dole a faɗe shi. Mutumin Sabon Birni ko Isa ko Goronyo, wanda aka kashe wa ɗan'uwa a kasuwa ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, in ya ji an ce "tubabbe" ba yaron da ya saci waya yake gani ba. Yana tuna irin su Auwal Daudawa, wanda ya jagoranci sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, ya ajiye makamai a Gusau a Fabrairun 2021 har da rantsuwa, bayan wata biyu ya koma daji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma waccan tuba ciniki ce tsakanin mai bindiga da gwamnatin da ta rasa yadda za ta yi: ba shari'a, ba hukunci, ba a tambayi waɗanda aka kashe wa mutane ba, ba a mayar musu da ko akuya ba. Wanda na ke magana a kansa ya tsaya gaban alƙali, an yanke masa, ya ci gabzarsa ya ƙirga kwanakinsa har suka cika. Haɗa su a kwando ɗaya zalunci ne, kuma mai ƙaramin laifin ne kullum yake biyan bashin da babban ya ci.

Duk da haka ban yarda a riƙa maganar komawar mai laifi cikin jama'a kamar wanda aka cuta ba ya nan ba. In maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Mai shagon cajin da yaron nan ya yi wa sata shi ya biya masu wayoyin daga aljihunsa, zaman da yaron ya yi a ɗaure bai mayar masa da ko sisi ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa tuba tana da sharuɗɗa: barin laifin, nadama, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafewarsa. Wannan na ƙarshen shi ne tsarin ɗauri yake tsallakewa. Gwamnati ta karɓi nata, mai kaya ya tashi a tutar babu, sannan a zo a ce masa ya buɗe zuciya. A ganina da yawan ƙyamar da ake gani a unguwa daga nan take tasowa. Mutane suna jin akwai bashin da ba a biya ba, sai su riƙa karɓarsa da harara.

Addinin da muke taƙama da shi a garin Shehu ya daɗe da warware wannan. Kowa ya san labarin matar nan Bamakhzumiya da ta yi sata, aka nemi a sassauta mata don darajar gidansu, Annabi (SAW) ya ƙi, aka zartar da haddi. A nan masu wa'azi suka fi tsayawa. Amma ruwayar ba ta ƙare nan ba. Nana A'isha ta ce tubarta ta yi kyau, ta yi aure bayan nan, kuma takan zo wurinta ita kuma ta kai buƙatarta ga Annabi. An samu namijin da ya aure ta, ƙofar gidan Annabi kuma ba ta rufe mata ba. Da aka yi wa wani mashayi bulala wani ya ce Allah ya kunyata shi, sai Annabi ya hana, ya ce kada a taimaki Shaiɗan a kansa. Shi kuma Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza, an karɓi Musuluncinsa, amma Annabi ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Ga haƙƙin mai tuba an ba shi, ga raɗaɗin wanda aka yi wa rashi ba a ce ya ɓoye ba. Ba a tilasta wa wanda aka cuta ya rungumi wanda ya cuce shi. Sauran jama'ar gari da ba a taɓa musu komai ba, su ne ba su da hujjar rufe ƙofa.

In kuwa suka rufe, akwai ƙofar da ba ta taɓa rufuwa. A labarin mutumin da ya kashe rai 99 ya cika na 100, malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya ga cewa tubarsa karɓaɓɓiya ce ba, ya ce masa ya bar ƙasarsu ya koma inda mutanen kirki suke. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Yaron da ya fito aka hana shi aiki, abokan kirki suka janye, gidan surukai suka ce a dakata, ina zai zauna? Majalisar 'yan eriya ba ta tambayar wa zai tsaya maka. Za a matsa masa wuri a benci, a miƙa masa sigari, gobe ƙwaya, lokacin siyasa a ba shi gora da dubu biyu. Su ne kaɗai zamansa na gidan yari ya ƙara masa daraja a idonsu. In ya koma ciki bayan wata shida sai mu ce ai dama hali zanen dutse ne, mu manta ranar da ya zo neman aiki da tabon walda a hannu. Watannin farko bayan fitowa su ne masu haɗari, musamman ga wanda shaye-shaye ya kai shi. Irin wannan magani yake buƙata kafin jari, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, amma iyali da yawa kunya ke hana su kai nasu.

To mene ne amsar tambayar mai walda? Wasu ƙasashe sun gane cewa a nan gizo ke saƙa. A Amurka tun 1966 gwamnati take da wani shirin lamuni: in mai sana'a ya ɗauki tsohon fursuna aiki, ana ba shi inshora kyauta na wata shida, in ma'aikacin ya yi sata a biya shi. A Jafan akwai 'yan sa-kai sama da dubu 40, mutanen unguwa ne, yawanci dattawa, waɗanda hukuma ke damƙa wa kowannensu wanda aka saka bisa sharaɗi, ya riƙa ganawa da shi a kai a kai, ya taya shi neman aiki. A Ingila dokar 1974 ta sa wasu laifuffukan suna goguwa bayan wasu shekaru, ba dole mutum ya ambace su wurin neman aiki ba. Ta ukun ba za ta yi mana wani amfani ba, don a unguwa ba a goge labari. Amma biyun farko ai namu ne, sunan kawai ya bambanta. Muna da masu unguwa da uwayen ƙasa, muna da limamai, muna da shugabannin 'yan kabu-kabu da na teloli da na maƙera, mutanen da maganarsu ta fi takardar kowace hukuma nauyi a kasuwa.

Muna kuma da Hukumar Zakka da Wakafi, wadda ta sha biyan bashin fursunoni a sake su, musamman da azumi, kamar yadda gwamnoni ke yin afuwa da ikon da sashe na 212 na tsarin mulki ya ba su. Aikin lada ne, masu bashi suna cikin kaso takwas da Alƙur'ani ya ambata. Sai dai sakin shi ne sashe mai sauƙi. Ana ba mutum kuɗin mota da 'yar nasiha a bakin ƙofa, a ɗauki hoto, a watse. Da za a ware wani kaso na wannan kuɗi a ajiye a matsayin lamuni, a ce wa mai shago ɗauke shi wata shida, abin da ya salwanta ta hannunsa mu za mu biya, a haɗa shi da dattijo ɗaya da zai riƙa leƙa shi duk mako, a kuma yanki wani abu daga ladan aikinsa ana rage wa wanda ya cuta asara, da mai walda bai rasa amsa ba. Wasu za su ci amana, ba shakka, a biya a kuma hukunta su. Amma a auna da kuɗin da ake kashewa in sun koma: ciyarwa kaɗai naira 1,125 ce kowace rana a kan kowane fursuna tun ƙarin da aka yi a 2024, wato sama da dubu 400 a shekara, ban da abin da sabon wanda za a cuta zai rasa.

Mata kuwa nasu ya ninka. Namiji in ya fito yana da zaure ko shagon aboki da zai kwana. Mace sau da yawa kafin ta fito aurenta ya mutu, 'ya'ya suna hannun dangin miji, gidan iyaye kuma ana jin kunyar a gan ta a tsakar gida ranar biki. Ko ƙuli-ƙuli ta soya, sai an samu mai cewa kada a saya.

Mu dai namu yaron, bayan mako uku muka koma wurin mai waldan, wannan karon da mai unguwa. Ni na ce na tsaya masa har naira dubu 50, kawunsa ya ce shi zai riƙa kawo shi da safe. Mai unguwa ya sa aka kira mai shagon caji, aka yi magana a gabansa cewa duk Juma'a za a kai masa wani abu daga abin da yaron ya samu har kuɗin wayoyin su cika. Mutumin ya daɗe shiru, sannan ya ce ya yafe kuɗin ɗaya, a biya biyu. Mai walda ya ce ya yarda, amma ba shi ba makulli, ba shi ba karɓar kuɗi hannun masu kawo aiki.

Wata bakwai aka yi haka. Ranar wata Asabar mai waldan zai tafi ɗaurin aure Bodinga, ya ciro makullin shagon daga aljihu ya jefa masa, ya ce, "In ka ƙare ka kulle, ka aje wurinka." Yaron ya zo ya same ni da dare ya buɗe tafin hannu ya nuna mini, bai iya cewa komai ba. Yanzu akwai yarinyar da yake nema a Mabera. Iyayenta sun ji labarin ɗaurin, sun ce a ba su lokaci su yi bincike, kuma jiya aka ce baffanta ya je shagon ya zauna da mai walda har bayan Isha'i. Ba su aiko da amsa ba tukuna.